Gida Biyu Maganin Gobara? Direban Babbar Mota Tsakanin Gareji da Kayan Ɗaki

Masu iya magana sun ce gida biyu maganin gobara. Tun ina yaro nake jin wannan karin magana, ban taɓa tsayawa na tuhume ta ba, sai a shekarar 2022, sa'ad da yajin aikin malaman jami'o'i ya mai da mu gida tun daga watan Fabrairu har Oktoba. Da zama ya ishe ni a Gaya, sai kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya shekara fiye da ashirin yana jan babbar mota, ya ce in zo in riƙa bin sa, ko ba komai na ga duniya, na kuma sami na sabulu. Watau dai na zama yaron mota, ko kuwa in faɗi sunan da jama'a suka fi sani, karen mota. A cikin waɗannan watanni ne na ga mutumin da yake da gida biyu, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya tsare shi daga gobara. Hasali ma ɗayan ne yake cin ɗayan.

Abin da nake so in gabatar wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai shi ne wannan: direban babbar mota na ƙasarmu a mota yake zaune, gida kuwa ziyara yake kai masa. Amma mu jama'arsa mun ƙi yarda da haka. Kuɗin da ya kashe wa ɗakin da ba ya kwana a ciki muna kiransa mutunci, wanda ya kashe wa motar da ransa yake ciki kuwa muna ɗaukarsa asara. A tawa fahimta mun juya lissafin, kuma wannan juyi yana cin rayuka.

Bari in fara shigar da mai karatu cikin gidan farko. Wanda bai taɓa hawa kan tirela ba zai zaci kujera ce da sitiyari kawai. Ba haka ba ne. Bayan kujerun akwai ɗan siririn gado, faɗinsa bai fi na benci ba, nan ne turakar maigida. A ƙarƙashinsa akwai darduma da bargo da tufafi kala uku cikin jaka. Carbi yana rataye a madubi, buta tana gindin ƙofa. A gefen bodi daga ƙasa an walda akwatin ƙarfe mai kwaɗo, wannan shi ne rumbu, shi ne kuma madafa: shinkafa da wake da manja da barkono da tukunya ɗaya da ɗan murhun gas. Jarkar ruwa tana ɗaure da igiya. A ɗaya akwatin akwai jak da sufana da weji da gwangwanin giris. Mu yara makwancinmu ƙarƙashin mota, a shimfiɗa tabarma tsakanin tayoyi, a ɗaura gidan sauro a jikin ƙarfe. In ruwan sama ya sauko, a tashi a takure a kan mota har gari ya waye. Na riƙa rubuta kwanakinmu a bayan littafin darasi, sai na tarar akwai watan da Kawu ya kwana huɗu kacal a ɗakinsa na Gaya. To, don Allah, wanne ne gidansa?

Tafiyar kuwa sananniya ce. A yi lodin hatsi a Dawanau, ko na shanu a kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, ko a tattara wake da gero daga ƙauyukan Gaya da Ajingi, sa'an nan a miƙa kudu: Zariya, Kaduna, Mokwa, a ƙetare Kwara a Jebba, Ilori, Ibadan, har Ikko, kimanin kilomita 1,000. In an sauke ba a juyowa wayam, sai a jira lodin dawowa, jiran da ba shi da wa'adi. Tsofaffin direbobi suna ba da labarin cunkoson Apapa na wajejen 2017 zuwa 2019, lokacin da motoci suka yi layi har kan gadoji, mutum ya yi makonni a wuri ɗaya ba gaba ba baya, babu makewayi, babu wurin wanka, ba ya kuma iya barin motar don tsoron ɓarayi. A shekarar 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta shigo da tsarin kiran motoci bi da bi ta intanet don rage wannan layi. An dai yi wa layin magani gwargwado, amma ba a ce komai ba game da inda mai motar zai sa haƙarƙarinsa.

Wani abokina ya nuna mini a waya irin motocin da wasu Turawa suke mai da su gida, da gado da madafa da makewayi da farantin hasken rana a kan rufi, ya ce ashe Kawu ɗan gayu ne bai sani ba. Muka yi dariya. Amma ko a can ɗin, ba duka ne suke yi don nishaɗi ba. Wata 'yar jarida Ba'amurkiya, Jessica Bruder, ta wallafa littafi a 2017 mai suna Nomadland, wanda aka mai da shi fim a 2020, a kan tsofaffin da tattalin arziki ya karya bayan rikicin kuɗi na 2008, suka rasa gidajensu, suka koma cikin motoci suna bin aikin ƙodago daga jiha zuwa jiha, in hunturu ya yi su taru a hamadar Arizona. Ko da yake talauci ne ya kai yawancinsu, akwai abu ɗaya da suka fi namu direbobin da shi: sun amsa cewa motar ita ce gida, saboda haka kowane kwabo ya samu, ita ake fara dubawa. Wanda ya san rufinsa da ƙafarsa abu ɗaya ne, ba ya wasa da taya.

Ba sai mun je Amurka neman misali ba. Bafulatanin daji da muke gani yana ratsa gonakinmu bayan kaka, gidansa a tafe yake, amma yana tafe da shi ɗungurungum: mata da yara da ƙorai da tabarmi, duka a bayan takarkari ko jaki. Bai raba kansa biyu ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro su ma sun yi watanni a hanya, amma al'umma ta yi musu tanadi. Ayari yana da madugu da jagaba da uban dawaki, akwai zango a inda ya kamata a yada zango, a manyan garuruwa kuma akwai fatoma mai saukar da baƙi, ya ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye. Sunan Zango da yake warwatse daga nan har Kumasi shaida ce. Direban yau shi ne magajin farke, amma zangonsa gefen titi ne a Mararrabar Jos ko Tafa ko Ogere, inda in ya tsaya a ce ya tare hanya, in ya wuce a ce ya yi tuƙin gajiya. Kakanninmu da jakuna sun fi mu sanin haƙƙin matafiyi.

Yanzu sai maganar gyara, wadda ita ce zuciyar wannan takarda. Galibin manyan motocin da mutanenmu suke ja, irin su DAF da MAN da Iveco, sun gama aikinsu a Turai kafin a kawo su, sai 'yan shekarun nan ne Howo ta ƙasar Sin ta yawaita. Tsohuwar mota kuwa kamar tsohon mutum ce, kullum da inda yake ciwo. Akwai gyaran da ba ya jira, watau wanda in ba a yi ba motar ba za ta tashi ba, kamar batir ko famfon mai ko kuloci. Wannan kowa yana yi, dole ce. Akwai kuma gyaran da yake jira, wanda motar za ta ci gaba da tafiya ko ba a yi shi ba: takalmin birki da ya cinye, tiyon iska mai yoyo, sifirin da ya tsage, taya da ta yi sanƙo. Abin takaici shi ne gyara mai jiran nan shi ne mai kisa. Batir in ya mutu a tasha yake barin ka. Birki kuwa a gangara yake barin ka.

Kada a ɗauka kanikawanmu ne ba su iya ba. Mu mutanen Gaya muna tinƙaho da cewa ƙira gadonmu ce, tun da tarihin baka ya ce Abagayawa maƙera ne, kuma daga cikinsu ne wani mai suna Kano ya tafi Dutsen Dala neman tama. Duk wanda ya tsaya ya ga yadda bakanike yake sauke giyar tirela a ƙarƙashin darbejiya, da sarƙa da gungumen itace da yara uku, ya san wannan gado bai ɓace ba. Ilimin yana nan. Abin da yake faruwa shi ne bakanike ya faɗi gaskiya, mai mota ya shafa aljihu, sa'an nan a koma ga kalmar nan da ta fi kowace yawa a gareji: a lallaɓa. A lallaɓa ya kai Ikko ya dawo. In ƙafa ɗaya tana zubar da iska, a toshe ta, sauran su riƙe. In taya ta shafe, a kai wa mai sassaƙa ya fitar mata da sabon zane a kan tsohon jiki, ta yi kyan gani alhali ta ƙara sirancewa. In za a saya, a tafi Ƙofar Ruwa a nemi ta hannu. Ko wace taya tana ɗauke da lambobi huɗu a gefenta masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, amma ban taɓa ganin wanda ya duƙa ya karanta su kafin ciniki ba. Zane ake dubawa, sai farashi.

Kuma kuɗi ya ƙara tsananta al'amarin. A shekarar 2022 ɗin nan farashin man gas ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan watanni. A 2023 aka janye tallafin fetur, aka kuma saki darajar naira, kayan gyara kuwa da dala ake shigo da su. Kamfanonin haɗa motoci da aka kakkafa a shekarun 1970 zuwa farkon 1980, Peugeot a Kaduna, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Marsandi a Inugu, ba su kai mu ga ƙera kayan gyaranmu da kanmu ba. Saboda haka duk tarin da naira ta yi, a birkin direba yake fitowa.

Ga abin da ya faru a gabana. Kawu ya karɓi motarsa ne bisa biya sannu-sannu, saboda haka gyara duka a wuyansa yake. Bayan Babbar Salla aka sa ranar auren 'yarsa ta fari, za a kai ta wani ƙauye wajen Toranke a ƙasar Ajingi. A makon nan ne bakanikensa ya duba motar ya ce tayoyin gaba biyu sun gama, takalmin birkin baya ma saura ƙiris. Kuɗin da ke hannu kuwa ba zai ɗauki taya da kujeru gaba ɗaya ba. Da dare muna zaune a gindin mota na ce, «Kawu, da an fara sayen tayar nan, kujeru a biyo da su daga baya.» Ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya ce, «Ɗan nan, karatu ya yi maka yawa. Taya in ta yi sanƙo ba wanda zai zage ni a gari. Amma in aka kai yarinyar nan ɗaki babu kujeru, har jikokina sai an goranta musu.»

Ban sami amsar da zan ba shi a daren nan ba, don na san gaskiya ya faɗa. Aka sayi gado da katifa da kujeru da kabet da madubi da kayan kicin, aka sa wa mota taya ɗaya ta hannu, ɗayar aka ce a lallaɓa. Aka yi biki, 'yan jere suka yi jere, 'yan ganin ɗaki suka yaba. Mako biyu bayan haka, muna ɗauke da wake tsakanin Mokwa da Jebba, tayar da aka lallaɓa ta fashe. Lalacewar hanya ce ta cece mu, domin ramuka sun hana gudu. Motar ta zame ta jingina da gefen hanya, sifirin ya karye, tamfol ya yage, ga damina. Kwana tara muka yi a wurin, muna jiran kuɗi daga gida da kaya daga Ilori. Waken da ya jiƙe aka ɗora wa Kawu. Da aka haɗa lissafi, abin da ya tafi ya fi kuɗin kujeru da kabet a haɗe. Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi, shi ya sa nake iya ba da labarin da murmushi. Wasu ba su sami wannan sa'a ba.

Wani zai ce, to ai laifin kawunka ne, me ya shafi al'ada? Ni kuwa na ce mutum mai hankali, wanda ya shekara ashirin a kan titi, ya san abin da taya take yi in ta fashe, amma duk da haka ya zaɓi kujera, lalle akwai abin da yake tsoro fiye da mutuwa. Wannan abu shi ne bakinmu. Mu ne muke zuwa ganin ɗaki mu ƙirga, mu ne muke komawa gida mu ce 'yar wane an yi mata kaza, 'yar wane kuwa ɗakinta kamar masallaci. Ba mu taɓa zagayawa mu duba tayar uban amarya ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa kayan ɗaki ɓarna ce daga tushe, kuma ina roƙon 'yan'uwana maza masu saurin yanke wannan hukunci su yi hattara. Kayan ɗaki dukiyar mace ce, nata ne na kanta, miji ba shi da iko a kansu. In aure ya mutu da su take fita. In ciwo ya zo ko yunwa, su take ɗagawa ta sayar. Kakanninmu mata da suka jera ƙorai, daga baya tasoshi, daga baya kwanukan sha da langa da fanteka har rufi, ba wauta suke yi ba, asusu suke ginawa a bango, a zamanin da mace ba ta da banki. Uwa takan fara tara wa 'yarta tun tana goye, da kuɗin ƙuli-ƙuli da na adashi, in 'yar ta haifi mace ita ma ta ɗebi na bangonta ta ba ta. Gadon ƙarfe mai rumfa yakan yi aure uku bai gaji ba. Wannan hikima ce, wanda ya raina ta bai san rayuwar mata a karkara ba.

Tambayata ita ce, kayan yau suna yin wannan aiki? Kabet ɗin da aka kai wa 'yar Kawu bai shiga ƙofar ɗakin ba, sai da aka cire ƙyaure aka fasa gefen bango, domin an ƙera shi ne don gidan siminti na birni. Katakon kuwa ba katako ba ne, garin katako ne aka matse aka lulluɓe da fata mai sheƙi. Damina ɗaya ƙasan ya sha danshi ya kumbura, gara ta sami abinci. In ta so sayarwa yau, dillaliya ba za ta ba ta sulusin kuɗinsa ba. Watau an bar siffar al'adar, an zubar da ma'anarta. Da asusu ne, yanzu ado ne na mako guda. Kuma da uwa ce take tarawa a hankali cikin shekara goma sha biyar, yanzu uba ne yake ciwo bashi cikin wata guda. Da kuɗin kujerun nan keken ɗinki aka saya mata, ko tumaki biyu, ko ɗan kunnen zinariya, da asusun yana nan, da kuma an sami rarar sayen taya.

Shari'a dai miji ta ɗora wa matsuguni da ci da sha da tufafi. Nauyin da uban amarya yake ɗauka al'ada ce, al'ada kuwa mutane suka yi ta, su ne kuma suke da ikon rage mata kaya. Ita kanta gwamnatin Jihar Kano ta gane cewa kayan ɗaki ne suke tare aure, shi ya sa tun daga 2012 take ɗaurin auren gata ta hannun Hukumar Hisba, a Oktoban 2023 ma aka aurar da mutum 1,800 da matansu, aka ba su gado da katifa da sauran tarkace. Wannan taimako ne, ba na musu. Amma saya wa mutane kayan ya tabbatar da cewa kayan dole ne, bai sauke dolen ba. Abin da zai sauke ta shi ne masu faɗa a ji su fara da kansu. Ranar da hakimi ko babban ɗan kasuwa ko limamin Juma'a ya kai 'yarsa ɗaki da gado da katifa da tukwane, ya ce daidai ruwa daidai tsaki, ranar ce direba zai sami bakin cewa shi ma haka zai yi. Dokar ƙayyade kayan aure da ba ta hau kan manya ba, takarda ce kawai.

Sai dai ko an gyara wannan, rabin magana aka yi, domin gidan da yake kan taya shi ma yana da haƙƙi a kan hukuma da masu motoci. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce direban babbar mota ba zai wuce awa huɗu da rabi yana tuƙi ba sai ya huta minti 45, kuma a ƙa'ida awa 9 ne tuƙinsa na yini, akwai na'ura a motar mai rubuta duk wannan. A 2017 ma kotun Tarayyar ta yanke cewa cikakken hutun mako ba a cikin mota za a yi shi ba. Ba ina cewa a kwafo wannan a liƙa mana ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana kiran direbobi su huta. Amma a ina? Wanda ya tsaya a daji ɓarayi, wanda ya tsaya a gari 'yan karɓar kuɗi, mai kaya kuma yana buga waya kowace awa, in shanu ne ko tumatir kuwa kowane jinkiri asara ne. Sai a koma ga goro da shayi mai kauri, wasu su zarce zuwa ƙwaya. A ƙarshen watan Mayu na 2025 motar da ta ɗauko 'yan wasan Jihar Kano daga Jihar Ogun ta faɗa gada ana dab da isowa gida, fiye da mutum 20 suka rasu, kuma gajiya tana cikin abubuwan da hukumar ta ambata. Jiki magayi.

Titin da ya taso daga Kano ya bi ta Wudil da Gaya ya nufi Dutse da Azare da Fataskum har Maiduguri, an ba da kwangilar mai da shi tagwaye tun 2006. An yi tunanin kwalta, an yi tunanin gada, ba a yi tunanin mutumin da zai kwana a kai ba. Ina ganin babu abin da zai hana ƙaramar hukumar Gaya ta ware fili a bakin wannan titi, ta kewaye shi, ta haƙa rijiyar burtsatse, ta gina makewayi da wurin wanka da masallaci da rumfunan kwana, ta ba kanikawa da masu faci da masu abinci wuri, a riƙa karɓar kuɗi kaɗan da rasit. Wannan ba sabon abu ba ne, zango ne aka sake wa riga. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, take kuma karɓar kuɗi a tashoshi da dama, ita ya fi kamata ta riƙe irin wannan wuri, ta kuma buɗe wa 'ya'yanta adashin gyara, wanda ba a taɓa shi sai don taya da birki, ko da bikin 'yar shugaban tasha ne ya taso. In mata sun iya tara kwanuka da adashi shekara da shekaru, ban ga abin da zai gagari maza ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu ɗaliban Hausa, ko da yake gefen magana ne. Wata takwas ɗin nan na ji Hausar da ban taɓa ji a aji ba. Dubi yadda harshe ya karɓi baƙin kalmomi ya sassaƙa su, ya raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali: birki, sifirin, sufana, salansa, lagireto, kafireto. Dubi kuma inda ya ƙi aro ya ƙirƙiro nasa: baƙin mai, takalmin birki, taya ta yi sanƙo, inji ya buga, mota ta yi kwanciyar magirbi, a-kori-kura. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, lokacin mota ba ta gama zama gari ba. Ƙamusun Jami'ar Bayero na 2006 ya tattara da yawa, amma gareji kullum haihuwa yake yi, balle yanzu da motoci masu kwamfuta suka shigo, bakanike yana jona na'ura kafin ya ɗauki sufana. Muna ta rubuta kundin digiri a kan sana'ar ƙira da jima da dukanci, madalla, amma jikan maƙeri yana can bakin titi da baƙin mai har gwiwar hannu, ba wanda ya je masa da littafi da alƙalami. Allah ya gafarta malamai, a tura mu. Ba don kalmomi kaɗai ba. Littafin kula da mota da aka rubuta da Hausar da direba yake ji, wanda zai nuna masa inda lambobin nan huɗu suke a jikin taya da abin da suke nufi, aikin sashenmu ne, ba na sashen injiniya ba.

Kawu ya gama biyan motarsa bara. A hutun da ya wuce na tarar da shi a gareji a Wudil, an ɗage gaban motar a kan gungume ana sa mata sabuwar taya ɗaya. Na tambaye shi ɗayar fa. Ya ce sai an dawo daga Ikko, don an kawo kuɗin gaisuwar 'yarsa ta biyu, kuma uwarta ta riga ta je Kasuwar Rimi ta taya kaya.